Tsohon tedi: yadda ake gane asalinsa da yadda ake yi masa kuɗi

A watan Disamba na 1994, gidan gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wata 'yar tsanar beyar a kan fam 110,000. Sunanta Teddy Girl. Kamfanin Steiff na Jamus ne ya ɗinka ta wajen 1905, kuma ta yi zamanta ne a hannun wani hafsan sojan Birtaniya, Kanar Bob Henderson, tun yana yaro har ya bar duniya. Wani ɗan kasuwar Japan, Yoshihiro Sekiguchi, ya saye ta ya kai gidan ajiye kayan tarihinsa da ke Izu. Tun daga wannan ciniki, duk wanda ya ci karo da tsohon tedi, wato irin wannan 'yar tsanar beyar, a cikin kayan kakarsa a Turai ko Amurka sai ya fara lissafi, kuma galibi lissafin dokin Rano ne. Tedi yana iya haura shekara 80 a duniya amma a gwanjo ya kasa kai fam 50.

Dalili kuwa tsufa kaɗai ba ya sa abu ya yi ƙaranci. A 1907 kawai, Steiff ya ɗinka tedi 974,000. Ga kuma ɗimbin kamfanonin Jamus da Ingila da Amurka da suka biyo sahu, wasu da suna, wasu ko tambari ba su da shi.

Asalin abin ya faro ne a wuri biyu kusan lokaci guda. A Nuwamban 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fita farauta a jihar Mississippi, aka ɗaure masa beyar a jikin bishiya don ya harbe, ya ƙi. Mai zanen barkwanci Clifford Berryman ya zana lamarin a jaridar Washington Post, wani mai kantin alawa a Brooklyn mai suna Morris Michtom da matarsa Rose suka ɗinka 'yar tsanar beyar suka laƙaba mata laƙabin shugaban, wato Teddy, daga baya suka kafa kamfanin Ideal. A Jamus kuma, a garin Giengen, Richard Steiff, ɗan ɗan'uwan Margarete Steiff wadda ta kafa kamfanin a 1880, ya tsara beyar mai motsa hannu da ƙafa a 1902, aka baje shi a kasuwar kayan wasa ta Leipzig a 1903. Lambarsa 55 PB: tsayinsa santimita 55, harafin P na nufin yadi mai gashi, B kuma mai motsi. Har yau ba a samu ko ɗaya daga cikin waɗannan na farko ba. Don haka duk wanda ya ce da kai tedinsa ya girmi 1902, maganar ta ƙare tun daga nan.

Jiki ake fara karantawa

Sabon shiga yakan fara da lalube kunne yana neman maɓallin Steiff, wato ɗan tambarin ƙarfe da kamfanin yake maƙalawa a kunnen tedinsa. Masana kuwa tambari ne abu na ƙarshe da suke dubawa, saboda shi ne ya fi sauƙin cirewa daga wani jiki a maƙala a wani. Abin da suke yi shi ne su bi sassan tedin ɗaya bayan ɗaya. Kowane sashe yana nuna wasu shekaru da aka yi yayinsa. Idan gashi da ciko da idanu da gaɓoɓi duk suka yi ittifaƙi a kan zamani guda, an samu madogara. Idan ɗaya ya saɓa, to ko dai an yi gyara, ko kuma an haɗa baki da wani don a cuci mai saye.

Siffa ce ake fara gani tun daga nesa. Tedin da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fi kama da beyar na gaske: baki dogo mai tsini, sau da yawa an aske gashin wurin, tozo a bayan wuya, hannaye dogaye masu lanƙwasa a ƙarshe har suna kaiwa gwiwa, ƙafafu manya dogaye masu siririn idon sawu, kunnuwa ƙanana a ware. Da tafiya ta yi tafiya, musamman daga shekarun 1930 zuwa bayan yaƙi na biyu, sai tozon ya yi ta raguwa har ya ɓace, hannaye suka gajarce, kai ya ƙara girma, fuska ta baje ta koma ta jariri. Wani ɓangare na wannan sauyi yayi ne, wani kuma tsimin yadi ne a lokacin da kaya suka yi wuya.

Daga nan sai gashi. Tedi na ƙwarai a zamanin farko da moheya ake yin sa, wato gashin akuyar Angora da aka saƙa a kan yadin auduga. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a buɗa gashin da yatsa, ko a dubi inda ya riga ya zube, a kalli yadin da ke ƙasa. Na moheya saƙar masaƙa ce, za ka ga zaren tsaye da na kwance sun gitta juna, kuma ba ya miƙewa in an ja. Gashin roba na zamani, irin su nailan da akirilik, galibi a kan yadi mai talewa yake, irin saƙar singileti. Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka shigo da silikin kanti mai sheƙi da launuka masu haske. Lokacin yaƙi na biyu da moheya ya yi wuya aka koma ga auduga mai gashi, fatar tunkiya, har da bargo. Gashin roba bai zama ruwan dare ba sai daga shekarun 1950.

Wasu sukan ba da shawarar a tsinki gashi a ƙona a ji warinsa. Ba shi da amfani. Gilashin ƙara girma ya isa, kuma ba wanda zai bar ka ka tsinki gashin kayan da yake neman dubban fam a kansu.

In kana son sanin ainihin launin da aka yi tedin da shi, ɗaga hannunsa ka dubi hammata, ko tsakanin cinya da ciki, ko cikin kunne. Rana ba ta kai wa nan. Tedin da ya koɗe ya zama toka-toka a waje yakan nuna ruwan zuma ko ruwan kirfa a waɗannan lunguna, wani lokaci ma shuɗi ko ja, kuma wannan yana sauya kuɗinsa sosai.

Ciko, idanu da gaɓoɓi

Matsa cikin tedin a hankali kusa da kunnenka. In ka ji ƙaras-ƙaras kuma jikin da tauri, an cika shi ne da siraran zaren itace, irin wanda ake shimfiɗa wa kayan fashi a cikin akwati. Shi ne cikon farko, kuma Steiff ya daɗe yana amfani da shi. Daga shekarun 1920 kamfanonin Ingila suka rungumi audugar rimi, ita dai wadda ake cika matashin kai da ita. Ta fi laushi, ta fi rashin nauyi, ba ta ƙara. Sau da yawa sukan cika jiki da audugar rimi amma su bar kai ko baki da zaren itace don fuska ta tsaya, saboda haka samun ciko iri biyu a tedin Ingila ba alamar ha'inci ba ne. Masu gyara suna bambance su da siririyar allura: tana ratsa zaren itace cikin sauƙi, amma audugar rimi takan dunƙule ta riƙe ta. A lokacin yaƙi na biyu an yi ciko da tarkacen masaƙu, mai nauyi da duhu. Soso ya zo a shekarun 1950 da 1960, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, yakan narke ya zama gari mai danƙo a ciki.

Zaren itace ma yana karyewa da shekaru. Shi ya sa tsohon tedi na gaske yakan saki a kafaɗa da wuyan hannu da idon sawu, kai ya ɗan sunkuya gaba, cikon ya taru a ƙasa. Tedin da aka ce ya shekara 100 amma jikinsa a cike tam ko'ina, ko dai an ƙara masa ciko ko kuma bai kai shekarun ba.

Idanun farko baƙaƙen maɓallan takalma ne, ƙanana, masu madauki a baya da ake ɗaurewa da zare a ja ta cikin kai. Idanun gilashi sun fara bayyana kafin yaƙi na farko amma sai a shekarun 1920 suka game ko'ina. Galibi baƙin ɗigo ne a tsakiya, an shafa fenti ruwan ƙasa a bayansu, kuma fentin yakan ɓare da tsufa. Na roba kuwa na bayan yaƙi na biyu ne. Kamfanin Wendy Boston na Birtaniya ne ya fito da idon da ake kullewa daga ciki don kada yaro ya cire ya haɗiye a 1948, sannan a 1954 ya fito da tedin da ake wankewa gaba ɗaya. Gilashi yana da sanyi in ka taɓa shi da leɓe, roba ba ta da shi. Sa yatsa a bayan idon: in ka ji wani faifai mai tauri ya manne shi daga ciki, na zamani ne. Ido biyu na tsohon gilashi ba sa zama daidai wa daida, don da hannu aka yi su. Sai dai ido shi ne abin da aka fi sauyawa, don haka sabon ido a kan tsohon jiki yana rage kuɗi ne kawai, ba ya ƙaryata shekarun.

Gaɓoɓi biyar ne a cikakken tedi: wuya, hannu biyu, ƙafa biyu. Na farkon farko da igiya aka haɗa su, ba su yi ƙarko ba. Wajen 1904 Steiff ya gwada sandunan ƙarfe da ke ratsa jiki, kuma waɗannan suna cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo. Hoton eksire ne yake tabbatar da su, kuma hancinsu na kakin hatimi ne maimakon zare. Daga 1905 aka koma ga tsarin da ya zauna har yau: faifan kwali mai kauri biyu, ɗaya a cikin jiki ɗaya a cikin hannu ko ƙafa, an haɗa su da fil na ƙarfe mai baki biyu. Za ka iya jin faifan da yatsa ta cikin yadi. Na roba ya fi santsi da siririn baki. Tedi mai araha kuma, ko da tsoho ne, yakan zo da waya kawai, har hannu biyun su riƙa motsi tare.

Tafin hannu da na ƙafa a da felti ne, wato ulun da aka danne ba saƙa ba. Daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1950 kamfanonin Ingila sun yi amfani da wani yadi mai fenti da ake kira Rexine, wanda yakan tsattsage ya bar farin yadi a ƙasa. Akwai kuma karan-miski da auduga. Murya ba ta da wani nauyi: Steiff ya fara sa abin gurnani da ke kuka in an kifa tedin wajen 1908, amma mafi yawansu sun daɗe da mutuwa, sai dai ka ji wani abu yana ƙwanƙwasa a ciki. Masu saye ba sa damuwa da wannan. Farke ciki don a sa sabo ya fi rage kuɗi a kan barin matacce.

Hannun kowane gida

A nan ne ake sanin wanda ya daɗe yana taɓa kaya. Kowane kamfani yana da yadda yake ɗinke hanci da farata, kuma ma'aikatansa sun bi wannan tsari shekara da shekaru.

Steiff yakan rufe ɗinkin ƙarshe na hannu a gaban ciki. Ƙananan tedinsa na farko zaren hancinsu a kwance yake, manya kuma a tsaye. Farare sukan zo da hanci ruwan ƙasa maimakon baƙi. Farata biyar ne a na farkon farko, daga baya suka koma huɗu. Akwai kuma wani abu da masu tarawa suke so: a wasu na farko za ka ga ɗinki ya raba goshi biyu daga hanci zuwa ƙeya. Bayanin da aka sani shi ne faɗin yadin yana fitar da kai shida cikakku, na bakwai kuma sai an haɗa shi da ɓari biyu don kada a yi asarar saura. Abin da ya fara a matsayin tsimi yau ƙarin kuɗi ne.

Maɓallin kunne ya fara ne a 1904, kullum a kunnen hagu, ɗan ƙarami ne na 'yan milimita. Na farko yana ɗauke da hoton giwa. Bayansa an yi wanda ba rubutu. Sannan mai sunan kamfanin da manyan baƙaƙe, inda wutsiyar harafin F na ƙarshe take lanƙwasowa ta ja layi a ƙarƙashin sunan. Wannan, da 'yan sauye-sauye, ya kai har bayan yaƙi na biyu. A shekarun 1950 aka koma rubutun haɗe mai tudu, wajen ƙarshen 1960 aka koma wanda aka tona a jikin ƙarfen, daga ƙarshen 1970 kuma mai ruwan tagulla. Ƙyallen da ke bayan maɓallin shi ma yana magana: fari ne a farko, ja daga tsakiyar shekarun 1920, rawaya daga tsakiyar 1930. Ko ɗan guntun zare da ya maƙale a ƙarƙashin maɓalli ya isa a ga launinsa. Wanda aka yi tsakanin 1947 da 1953 yakan zo da farin ƙyalle a ɗinkin jiki da ke cewa an yi shi a yankin Jamus da ke hannun Amurka.

Iyaye mata da yawa sun cire maɓallin da kansu don tsoron kada yaro ya haɗiye. Saboda haka rashinsa ba ya hana tedi zama Steiff. A nemi ɗan rami a kunnen hagu. Samunsa kuma ba ya tabbatarwa. Tsofaffin maɓallai na gaske ana ciro su daga wasu dabbobin Steiff masu araha da suka lalace a dasa su a kunnen tedin da ba a san asalinsa ba. Maɓallin da ya shekara 100 a wuri guda yakan bar shaidarsa: gashin da ke ƙarƙashi ya kwanta, launin wurin ya fi na kewaye duhu ko tsabta, wani lokaci da ɗan tsatsa.

Kamfanin Gebrüder Bing na Nuremberg a Jamus, wanda ya durƙushe a 1932, tedinsa na farko suna kama da na Steiff ƙwarai, har ya taɓa sa tambari a kunne kafin Steiff ya kai ƙara ya mayar da shi gefen jiki. Schuco, shi ma na Nuremberg, an san shi da tedin da ya fito da shi a 1921, wanda in ka juya wutsiyarsa sai kai ya gyaɗa ko ya girgiza.

A Ingila harkar ta bunƙasa ne bayan 1914, da yaƙi ya tsayar da shigo da kayan Jamus. J.K. Farnell na Landan shi ne ya fi daraja: moheya mai tsawo da sheƙi, kuma a na farkonsa zaren farata yana haɗuwa a kan tafin hannu. Bai fara sa ƙyallen suna ba sai tsakiyar shekarun 1920, don haka mafi kyawun kayansa ba su da tambari ko kaɗan. Chad Valley na Birmingham (sunan wani rafi ne a can, ba ruwansa da ƙasar Chadi) ya samu izinin zama mai yi wa Sarauniyar Ingila kayan wasa a 1938. Ƙyallen da ya ambaci Sarauniya kawai na tsakanin 1938 ne da 1953. Wanda ya ce Uwar Sarauniya na bayan nan ne. Kalma biyu sun raba maka zamani. Chiltern ya fito da jerin Hugmee a 1923, kuma hancinsa na da yana da zare biyu na gefe da suka fi saura tsawo suna kallon sama. Merrythought ya fara a 1930 a Ironbridge, yana sa ƙyalle a tafin ƙafa. Cheeky ɗinsa na 1957 yana da ƙararrawa a cikin kunnuwa.

Na Amurka su ne masu wahala. Ideal da takwarorinsa ba su cika sa tambari ba. Ana dogara ne da siffa: kai mai kusurwa uku, kunnuwa a can gefe, gajeren gashi mai kaushi, jiki dogo. Dillali mai gaskiya yakan rubuta "mai yiwuwa Ideal ne", kuma kuɗin "mai yiwuwa" daban yake da na "tabbas".

Jabu da kwaikwayo

Kama da wane ba wane ba ne, amma a bambance iri biyu. Akwai kwaikwayon halal: tun 1980 Steiff da kansa yake sake ɗinka tsofaffin samfuransa da adadi ƙayyadadde, da farin ƙyalle da takardar shaida. Matsala tana zuwa ne in an cire ƙyallen aka tsufar da tedin da gangan. Akwai kuma jabu tsantsa, waɗanda suka cika kasuwa tun da farashi ya tashi a shekarun 1980 da 1990.

Abin da ya fi tona asirin jabu shi ne inda ya tsufa. Yaro yana riƙe tedi ne a hannu ɗaya, ko a wuya, yana sumbatar hanci, yana jan kunne, yana kwantar da shi a baya. Nan gashi yake zubewa, a hankali, gefen wurin yana dusashewa ba tare da iyaka ba. Mai jabu yakan aske ko ya goge da takardar yashi, sai ka ga faci-faci masu kaifin baki, a wuraren da hannu ba ya zuwa, kuma guntayen gashin duk tsawonsu ɗaya. Dattin da aka yi da ruwan shayi ko gahawa yakan shiga har cikin hammata, inda na gaske yake da tsabta. A sansana: tsohon tedi warin ƙura da tsohon katako yake yi. A haska fitila mai shuɗin haske irin ta gwada takardun kuɗi: zaren roba da sabon farin yadi sukan yi ƙyalli. Sai dai wannan ba hujja ce yankakkiya ba, domin tsohon tedin da aka taɓa wankewa da garin sabulun zamani shi ma zai yi ƙyalli. In kuma ka ga tedi uku ko huɗu masu "tsufa" iri ɗaya a hannun mutum ɗaya, ka wuce.

Masu tsintar tedi a dilar kayan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu suna da gajeriyar hanya. Ƙyalle mai alamar CE na nufin daga wajen 1990 zuwa yau. Umarnin wanki da inji, idon roba mai makulli, da jiki mara gaɓoɓi galibi na bayan yaƙi na biyu ne. Wanda aka rubuta Jamus ta Yamma a jikinsa bai girmi 1949 ba. Kusan duk abin da ke cikin dila a nan zai tsaya.

Yadda ake yi masa kuɗi

Sunan kamfani ne kan gaba, kuma Steiff na kafin 1914 shi ne a sama, sai Farnell da Bing. Bayansa lafiyar jiki, wadda dillalai suke aunawa da yawan gashin da ya rage: tedi biyu na shekara ɗaya da girma ɗaya, mai cikakken gashi zai iya ninka wanda ya yi sanƙo sau da yawa. Launi yana biye: ruwan zuma shi ne gama-gari, fari da ruwan kirfa sun fi shi, baƙi da ja da shuɗi kuwa ba su da yawa. Baƙaƙen da Steiff ya yi wa kasuwar Ingila a 1912 don juyayin nutsewar jirgin Titanic 'yan ɗaruruwa ne kacal, kuma ɗaya ya kai fam 91,750 a Christie's a shekarar 2000. Happy, wani tedin Steiff mai gashi launi biyu na 1926, ya kai fam 55,000 a gidan gwanjo na Sotheby's a 1989. Girma ma yana ƙara kuɗi, musamman daga santimita 50 zuwa sama.

Sai tarihin mallaka. Alfonzo, jan tedin Steiff na 1908 da ya kasance na Gimbiya Xenia ta Rasha, ya kai fam 12,100 a 1989, kuma rabin darajarsa labarinsa ne. Ba sai mai shi ya kasance ɗan sarauta ba: tsohon hoto na yaro riƙe da wannan tedin, wanda za a iya gane shi a ciki, yana tabbatar da shekaru kuma yana ƙara kuɗi. Labarin baka ba takarda ba hoto kuwa ba ya ƙara ko sisi. Akwai kuma abin da ba ya aunuwa, wato fuska. Tedi biyu masu komai iri ɗaya, wanda kallonsa ya fi shiga rai shi ake ja-in-ja a kansa a zauren gwanjo.

Waɗancan alƙaluma na ƙololuwa ne, kuma na lokacin da kasuwar take tashe. Ta lafa tun daga nan. Christie's ma ya rufe reshensa na South Kensington a 2017. Yau gidaje irin su Vectis da Special Auction Services a Ingila da Ladenburger a Jamus ne suke riƙe da harkar. Kaya na musamman har yanzu suna kuɗi, amma tedin Ingila na shekarun 1930 zuwa 1950 da ya sha wasa yakan tsaya ne daga gomman fam zuwa 'yan ɗaruruwa, Steiff na farko mai lafiya kuma dubbai.

Hanyar ƙiyasi ɗaya ce: a nemo aƙalla uku zuwa biyar masu kama da naka a kamfani, zamani, girma, launi da lafiya, waɗanda aka riga aka sayar cikin 'yan shekarun nan, a dubi abin da aka biya. Kuɗin da mai kaya ya rubuta a shafin saye da sayarwa na eBay buri ne. Sai an duba jerin waɗanda ciniki ya faɗa. A kuma lura da la'ada. A ce guduma ta faɗi a kan fam 1,000, gidan gwanjo yana karɓar kashi 25 cikin 100 daga mai saye da 15 daga mai sayarwa: wancan ya biya 1,250 ban da haraji, wannan ya tafi da 850. Ƙimar da ake rubutawa don inshora ta fi duka biyun, domin ita kuɗin sayen madadinsa ne a kanti, ba abin da za ka samu in ka sayar ba.

Gyara shi ne inda masu kaya suka fi jawo wa kansu asara. Tsohon felti mai 'yan ramuka ya fi sabo fes daraja. In ka ga an lulluɓe tafin ƙafa da wani yadi, kada ka yi saurin farkewa, sau da yawa na asalin yana ƙasa kuma ƙwararre ne ya kamata ya buɗe. Ba a sa gam ko kaɗan. Ba a sake ɗinke hanci don ya yi kyau. Ba a tsoma shi a ruwa: faifan kwali zai jiƙe ya ruɓe, fil zai yi tsatsa ya ɓata yadi, zaren itace zai riƙe danshi ya yi fumfuna. In za ka saya kuma tedin yana sanye da riga, a tuɓe, domin riga takan ɓoye sanƙo da faci. A ɗan ja yadin a hankali a inda gashi ya zube. In yana neman yagewa da kansa, zaren ya mutu, kuma wannan ba ya gyaruwa sai dai a yi masa shafi daga ciki.

Babban abokin gaba shi ne asu. Alamarsa ƙananan ramuka a felti, layin da gashi ya zube a miƙe, da ɗan gari ko kwanson tsutsa a lungun gaɓoɓi. Duk sabon tedin da ya shigo a ware shi daga saura. A naɗe shi da farar takarda, a sa a leda a fitar da iska a ɗaure, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako biyu ba yankewa, wanda ke nufin inda wuta ba ta tsayawa sai an tanadi madadin ta. In an fito da shi a bar shi cikin ledar kwana guda ya huce, don raɓa ta taru a bayan leda maimakon a jikin gashi. Bayan nan a cire ledar, ba a ajiyar dindindin a cikinta. Ƙura ana ɗauke ta da burushi mai laushi, ko injin zuƙe ƙura da aka rage wa ƙarfi aka ɗaura masa siririn yadi a baki. Wurin ajiya ya zama nesa da taga, danshinsa wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100, a riƙa juya tedin ana duba hammata da bayan kunne duk bayan wata biyu ko uku.